Wata Ma'aikaciya a Layin Gaba

Sana'ar Maman Lauya ɗinki ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti, da keke biyu a ciki, ɗaya yana aiki, ɗayan an tula masa yadika. Aiki na biyun da ta samu kuwa ba ita ta nema ba, ciwon 'yarta ne ya samo mata.

Yarinyar tun bakinta bai gama buɗewa ba ta iya musu, shi ya sa ubanta ya laƙaba mata Lauya, sunan ya bi ta har makaranta. Tana 'yar shekara huɗu zazzaɓi ya riƙa kama ta yana saki, ta rage cin abinci, cikinta kuma yana ƙara girma. Uwar ta yi ta zarya ƙaramin asibitin unguwarsu. A ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, in ta koma a ba ta na tsutsar ciki, in ta sake komawa a dawo kan na farkon. Sai wata rana tana yi mata wanka hannunta ya ci karo da wani abu mai tauri a gefen cikin, kamar an ɓoye ƙwallo a ƙarƙashin haƙarƙari. A babban asibiti aka ce ciwon daji ne a ƙoda. Aka cire ƙodar, aka yi wata da watanni ana ƙarin ruwa mai sa amai, gashi ya zube ya sake fitowa. Lauya ta rayu. Yanzu ta kusa shekara tara, kuma duk lokacin da aka ce ta yi wanke-wanke sai ta tuna wa mutanen gidan cewa ƙodarta ɗaya ce.

Likitar da ta duba ta a can, wata doguwar mace da ba ta ɓata dariyarta a banza, ita aka ba aikin zagaya ƙananan asibitoci tana koya wa ma'aikata yadda za su gane wannan ciwo a jikin yara tun bai yi nisa ba. Da kanta ta zo shagon, ta sunkuya ta shigo, ta ce tana son Maman Lauya ta riƙa bin ta.

"Ni me zan koya wa masu ilimi, Likita?"

"Ba koyarwa za ki yi ba. Abin da ya faru za ki faɗa. Ni in na faɗa barci suke yi."

Baban Lauya, wanda gyaran firiji ne aikinsa, ya ce ta je, ai dama ba a taɓa samun ta ba ta da abin cewa ba.

Bitar ko'ina kamanninta ɗaya. Zaure mai kujerun roba, fanka ɗaya mai juyi ɗaya mai kallo, majigin da sai an lallashi janareto yake nuna hoto. Likita ta yi bayani kan zazzaɓin da ya ƙi jin magani, da kumburin da ba ya ciwo kuma ba ya sauka, da ɗashewar jiki, da farin abu a ƙwayar ido, da yaron da ya daina wasa yana kukan ƙashi. Sannan ta fito da wani ɗan bebi na roba da aka cusa wa dunƙule a ciki, kowa ya zo ya laluba. Maman Lauya sai bayan an ci abincin rana ake kiran ta, lokacin da kawuna suka fara rinjaya.

Ranar farko ta yi kuka, wasu mata biyu suka taya ta. Da tafiya ta yi tafiya labarin ya goge, ya yi santsi. Ta san inda za a yi tsit, ta san inda za a girgiza kai, har takan iya faɗarsa hankalinta yana kan wuyan rigar da ta bari ba ta haɗa ba. Matar da ta riƙa ba su magani a asibitin unguwa ba ta taɓa kama sunanta ba, "wata ma'aikaciya" take cewa. Amma ta lura mutane sun fi farkawa idan ma'aikaciyar ta yi muni. To sai wata rana a cikin labarin ta ba ta waya a hannu, ta ce tana dannawa tana rubuta magani. Da aka ɗan jima ta ƙara mata cingam. Ba ta ɗauki abin a matsayin ƙarya ba. A ganinta ado ne, irin wanda take yi a bakin hannun riga don kada ɗinki ya fito fayau.

Ana nan bitar ta zagayo yankinsu. Ranar makaranta tana hutu, Baban Lauya yana da aiki a wani otel, don haka ta taho da yarinyar, ta zaunar da ita a kujerar baya da biskit, ta ja mata kunne kada ta yi musu da kowa.

Da aka kira ta, ta miƙe, ta gyara mayafi, ta yi sallama. Ta buɗe baki ke nan idonta ya sauka a layin gaba.

Sista ce zaune, ma'aikaciyar nan ta asibitin unguwarsu. Ta ƙara jiki, ta sa tabarau mai igiya, furfura ta fito a gefen hularta, amma ita ce, har da yadda take karkata kai in tana sauraro. Biro yana hannunta, ta zuba wa Maman Lauya ido irin na ɗalibar da ta zo da niyyar cin jarrabawa. Babu alamar ta gane ta. Yaya za a yi ta gane ta? Mata nawa suka wuce ta gaban teburinta da yara masu zazzaɓi tun daga lokacin?

Maman Lauya ta fara. Labarin da ya saba tafiya da kansa yau sai ya riƙa tuntuɓe. Ta faɗi zazzaɓin, ta faɗi zaryar, ta zo kan wata ma'aikaciya, ta ce ta rubuta magani, ta wuce.

"Maman Lauya," in ji Likita daga gefe, "kin tsallake batun wayar."

"A bar wayar, Likita."

"Wace waya?" wani mutum mai ƙaton agogo ya tambaya daga tsakiya.

Likita ta bayyana masa cewa ma'aikaciyar tana danna waya tana tauna cingam lokacin da take duba yarinyar. Zauren ya ɗauki tsaki. Sista ta girgiza kai ta rubuta wani abu. Maman Lauya ta ƙarasa a gurguje, ta koma ta zauna.

Likita ta tambaya a ina aka yi kuskure. Hannun Sista ne ya fara tashi.

"Yarinya ta dawo da zazzaɓi ɗaya bayan an ba ta magani, ta sake dawowa," ta ce, a nutse, tana duba abin da ta rubuta. "Tun a nan ya kamata a ajiye biro, a kwantar da ita, a ɗaga riga a taɓa cikin. Uwa ta ce ciki yana girma, ba a duba ba aka ce tsutsa ce. Wannan ma'aikaciyar ba ta kyauta ba."

"Kora ta kamace ta," in ji mai ƙaton agogo.

Sista ta waiwaya ta dube shi ta saman tabarau. "In aka kore ta kai za ka zo ka riƙe mata layin? Ka san yadda ake cika tun safe, mutum ɗaya a tebur, gado ɗaya an ɗora masa kwalaye. Ni ban ce ta yi daidai ba. Amma yau na fara jin an ce in nemi ciwon daji a cikin yaro, ga shi na kusa ritaya. Wayar dai ita ce ban ga dalilinta ba."

Aka zo lokacin lalube. Direba ya je mota ya dawo ya ce ɗan bebin roba yana can inda aka yi bitar jiya, an manta shi a kan tebur. Sai idon Likita ya kai kujerar baya.

"Lauya, za ki taimaka mana? Ba dunƙulen za su nema ba, an cire shi. Yadda ake ɗora hannu kawai za su koya."

"Mutum nawa ne za su taɓa ni?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ba lamba ba ce."

Aka daidaita a kan mutum uku da lemon kwalba. Aka haɗa tebur biyu aka shimfiɗa zane, Lauya ta hau ta kwanta tana kallon silin kamar wadda ta saba da aikin. Likita ta nuna yadda ake ɗumama tafin hannu, a lanƙwasa wa yaro gwiwa, a fara daga ƙasa a hau sama, hannu ɗaya a baya ɗaya a gaba. Sannan ta ce wa zai fara. Sista ta ajiye biro ta fito.

Da ta ɗora hannu Lauya ta ƙanƙame ciki tana ƙyalƙyala dariya, ta ce cakulkuli ne. Sista ta zaro safar hannu ta roba daga aljihu, ta hura ta har ta kumbura yatsun suka miƙe, ta ƙulle bakin, ta ɗauki biro ta zana ido biyu a gefe. Ga zakara da tukkunsa. Ta miƙa wa yarinyar.

Lauya ta karɓa ta juya shi. Ta dubi zakaran, ta dubi Sista.

"An taɓa yi mini irin wannan," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Lokacin ina ƙarama, a asibitinmu. Ke ce, ko? Kina cewa in na sha maganin zai yi cara. Bai taɓa yi ba."

Maman Lauya tana tsaye a gefen teburin, ta ji komai. Ta ga hannun Sista ya tsaya cak a kan dogon tabon da ya ratsa cikin. Ita kanta ta manta da zakaran nan. Ko kuma ba mantawa ta yi ba, wuri ne bai samu ba a labarin. Kowane zuwa sai an hura wa Lauya ɗaya, sukan dawo da shi gida ya kwana biyu kafin ya saki iska.

Sista ba ta ɗago ba. Ta lanƙwasa wa yarinyar gwiwa, ta fara daga ƙasa ta hau sama, hannu ɗaya a baya ɗaya a gaba, ta bi cikin kaf kamar yadda aka nuna. Likita ta ce haka ake so, kowa ya lura. Sista ta sauke wa Lauya riga, ta koma kujerarta, ba ta sake ɗaga hannu ba har aka tashi.

A bakin famfon da ke bayan zauren suka haɗu. Maman Lauya ta je wanke wa Lauya hannun da lemo ya ɓata, ta tarar da Sista tana wanke nata da sabulu, a hankali, yatsa bayan yatsa. Maman Lauya ta tura yarinyar ta je ta jira a mota.

"Ni ce?" in ji Sista, idonta a kan ruwan.

"Ke ce, Sista."

"Ban taɓa cikinta ba ko sau ɗaya?"

"Kin taɓa goshinta. Kina duba idonta kuma."

Sista ta kashe famfon. Ta tsaya da jiƙaƙƙen hannu, babu tawul.

"Da gaske ina danna waya?"

"A'a. Ni na sa miki."

"Cingam ɗin fa?"

"Shi ma."

"Na yi ta tunani a ciki. Haƙorina ba ya son cingam." Ta yarfe hannun. "To, na gode da kika yi niyyar cirewa. Sauran kuwa duk nawa ne. Ki yafe mini, Maman Lauya."

Shekaru Maman Lauya tana ajiye da maganar da za ta faɗa wa matar nan. A barandar babban asibiti ta tsara ta, lokacin da Lauya take amai har ba abin da ya rage a cikinta, ta yi mata gyara ya fi a ƙirga, akwai wurin da za ta nuna ta da yatsa. Yanzu ga matar a gabanta, ta laluba maganar ta rasa bakin zarenta. Abin da idonta ya kama shi ne kafaɗar farar rigar aikin, ɗaya ta fi ɗaya sauka.

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," ta ce. "Wa ya ɗinka miki rigar nan?"

Sista ta dubi kafaɗarta. "Wani yaro ne a kasuwa."

"Bai iya ba."

A mota Likita ta tambaye ta me ya same ta yau. Ta ce kanta ne yake ɗan sarawa. Da suka kusa shago ta ƙara da cewa daga yanzu babu waya babu cingam a labarin, don ba su taɓa kasancewa ba. Likita ta dube ta ta madubi, ta ce ashe, ta ce to, ba ta ƙara tambaya ba.

Daga baya labari ya riƙa iso mata ta bakin masu kawo ɗinki, cewa Sistar asibitin unguwa ta sauke kwalayen da ke kan gado, kuma yanzu ko tari ka kai yaro sai ta kwantar da shi ta matsa masa ciki. Layi ya ƙara tsawo, mata suna ƙorafi. Sista ta tura yara da dama babban asibiti, yawanci aka dawo da su aka ce ba komai, har wani likita a can ya aiko a tambaye ta ko ta ɗauka su ba su da aikin yi. Ta ce a gaya masa ta ji, ta ci gaba.

Wata rana da hantsi Maman Lauya tana kan keke sai ga Sista a ƙofar shago, da farin yadi a leda, bayanta wata yarinyar mace goye da yaro. Matar ba za ta wuce ashirin da 'yan kai ba. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar wadda aka kawo ƙara.

"Riga na kawo," in ji Sista. "Wannan kuma maƙwabciyar ƙanwata ce. Ɗanta yana da abu a ciki, gefen hagu, na ji shi da hannuna. Na ce ta je babban asibiti, mijinta ya ce duk wanda aka tura can a kwance yake dawowa. Na yi magana har na gaji. Lauya tana nan?"

Lauya tana bayan labule, wai tana aikin makaranta. Aka kira ta. Da ta ji abin da ake so ba ta jira an roƙe ta ba, ta ɗaga riga ta nuna tabon daga farko har ƙarshe, ta yi bayanin cewa ƙoda biyu Allah yake ba mutum amma ɗaya ta isa, sai dai ba a son mai ita ya wahala da aikin gida. Uwarta ta ce ta sauke riga ta koma ciki.

Matar ta daɗe tana kallon labulen. Sannan ta sauke yaron daga baya ta zauna a kan benci, ta rungume shi a cinya.

"Anti, gashin nata da kansa ya dawo?"

"Da kansa. Ya ma fi na da yawa, kitso sai an yi faɗa."

"A ina kike kwana a can?"

"Ƙarƙashin gadonta. Ki tafi da tabarma da bargo, tayil ɗin akwai sanyi."

"Suna yi wa mutum tsawa?"

"Wasu suna yi. Ba ya kisa."

"Zai warke?"

Maman Lauya ta cire ƙafa daga kan keken. "Ban sani ba, ƙanwata. Waɗanda muka zauna da su wasu sun koma gida da 'ya'yansu, wasu ba su koma da su ba. Abin da na gani da idona shi ne waɗanda suka zo da wuri sun fi komawa. Ni ban je da wuri ba, Allah ne ya rufa asiri."

Sista tana tsaye tana duba wani littafin samfurin ɗinki, ba ta ɗago ba.

Mijin ne ya rage. Da yamma Baban Lauya ya wanke hannu ya tafi wurinsa, ya same shi a inda yake sayar da tayoyi. Abin da suka tattauna ba wanda ya sani, don da ya dawo aka tambaye shi sai ya ce sun yi maganar firiji. Washegari dai da safe matar ta zo da tabarma a naɗe da bargo a leda, mijin yana biye da ita ɗauke da yaron, fuskarsa a ɗaure.

Maman Lauya ta rufe shago ta raka su. Ta san ƙofar da ba a cika layi ba, ta san inda ake yankar kati, ta kai su har gaban doguwar Likita. Aka yi hoton ciki aka ɗebi jini. Bayan kwanaki sakamako ya fito, irin ciwon Lauya ne, amma Likita ta ce bai bazu ba, akwai kyakkyawan fata. Uban ya fita baranda ya daɗe, ya dawo ya tambayi abin da za a fara yi.

Ranar da aka ba su gado Maman Lauya ta sake zuwa. Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, sai fenti da aka sake. Ta nuna wa matar igiyar shanya a bayan banɗaki, da soket ɗin da yake aiki a bayan ƙofa, da mai shara da za a gaisar da kyau don ita ta san lokacin da ruwa yake zuwa. Ta ce mata in yaron ya ƙi cin abinci bayan ƙarin ruwa kada ta tsorata, kada kuma ta yi kuka a gabansa, akwai wuri a ƙarƙashin bene da kowa yake zuwa ya yi nasa. Matar ta riƙe mata hannu ta ce Allah ya saka da alheri, Anti.

La'asar ta yi kafin ta dawo unguwa. A ƙofar shago ta tarar da wata mai ɗinki zaune a kan dakali, ta cika ta yi fam, ta ce tun azahar take jira, kuma wannan ne zuwanta na ƙarshe. Maman Lauya ta ba ta haƙuri, ta buɗe ƙofa, ta kunna fitila, ta ce ta shigo ta zauna, hannu ɗaya ne ya rage a haɗa.